Ɗan Gida Ba Ya Sa Hannu

Rajistar masu shigowa tana nan a kan teburina har yanzu, mai koren bango, da biro ɗaure da zare a jikinta don kada ya bi wani gida. Gurbi huɗu ne a kowane layi: suna, adireshi, lokacin shigowa, sa hannu. Shekara da shekaru kusan babu mai rubutu a cikinta, kuma da gangan muka bar ta haka. Wannan gangancin namu ne ya kusa sa a rufe mana ɗakin karatu.

Ɗakin ƙarami ne, reshe ne na babban laburare da ke can ƙetaren kogi. Yana bakin Makera, inda in ka tsaya a ƙofa kana hango bututun masaƙun Kakuri da suka daɗe da daina hayaƙi. Kantar littattafai tara ce, dogon tebur biyu, fanka uku, amma ɗaya ce ke juyawa in an kawo wuta. Mu biyu ne ma'aikata, ni da abokin aikina mai ɗinke littattafan da suka yage, magidanci mai 'ya'ya biyar. Daga Sabon Tasha nake tasowa kullum, in hau bas, in sauka in ƙarasa da keke. Ƙarfe takwas ƙofa a buɗe take, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Wata Talata a tsakiyar damina, wajen sha ɗaya na safe, mota ta tsaya a ƙofa, wani jami'i daga hedikwata ya shigo yana karkaɗe lema. Ƙanena ne a shekaru, takalminsa sai sheƙi yake duk da taɓon da ke waje. Ban taɓa ganinsa ba, amma daga yadda ya tsaya yana kallon bokitin da muke tare ruwan rufi da shi na san Oga ne ya zo. Mutum biyu kacal ya tarar a zaune, tsofaffi biyu da jarida ɗaya a tsakaninsu.

Ɗayan Malam muke ce masa, ɗayan kuma Papa, mutumin Binuwai. Tare suka yi aiki a masaƙa ɗaya, injinsu kusa da juna, har aka rufe ta aka sallame su rana ɗaya. Ƙarar inji ta cinye musu rabin kunne, saboda haka in sun yi raɗa, mai gasa masara a bakin titi tana ji. Na gaji da nuna musu allon da aka rubuta a yi shiru, na ƙyale su. Malam a kujera ta biyu yake zama, gefen taga, domin idonsa yana son haske. Papa yana ta uku. Kullum sai sun yi faɗa a kan wanda zai fara karanta shafin tsakiya.

Oga ya jawo rajista ya fara buɗe shafuka da ɗan yatsa ɗaya.

"Madam, ina masu karatun?" in ji shi.

Na ce, "Ruwa ake yi, Oga."

"Watan jiya ma ruwa aka yi? Da rani fa?"

Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton fom ɗin da nake aikawa hedikwata ƙarshen kowane wata. Ya ce, "Ke kika cika wannan da hannunki. Wani watan mutum huɗu, wani watan shida. Don mutum shida za a riƙe gini da ma'aikata biyu?"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Fom ɗin cewa ya yi a rubuta adadin waɗanda suka sa hannu a rajista, ni kuwa abin da ke cikin rajista nake kwafewa, ba ƙari ba ragi. A tunanina fom ɗin nan gara kaɗai ke karanta shi a wani lungun ofis. Ashe an samu wani mai himma ya tattara su duka ya zuba a kwamfuta, mu kuma muka fito a can ƙarshen jeri.

Ya ce mutane sun koma waya, kowa laburarensa yana aljihunsa. Ya ce an ba mu wata uku. In rajista ba ta nuna masu karatu ba, za a kwashe littattafan a kai babban laburare, a ba da ɗakin ga masu son buɗe shaguna, mu kuma a watsa mu wasu ofisoshi.

Bakina ba ya riƙe magana, haka Allah ya yi ni. Na ce, "Oga, wayar tana da kujera? Tana da shiru? Yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta shida, janaretan maƙwabci na kuka a bayan taga, a cikin waya za ta shiga ta zauna ta yi karatun jarrabawa? Ka dawo ƙarfe huɗu ka ga ko za ka samu wurin ajiye lemarka."

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin ƙorafi. Ya ce, "Madam, ni ba kawuna nake kaiwa ofis ba, takarda nake kaiwa. Suna, adireshi, sa hannu." Ya ɗauki lemarsa ya fita. Malam da Papa ba su ji komai ba, suna can suna gardama a kan wani ɗan siyasa.

Dole in koma baya, don a san yadda aka yi ɗakin da ke cika maƙil da yamma yake da rajista fayau.

Lokacin da na fara aikin nan ina budurwa, shugabanmu wani dogon dattijo ne mutumin Filato, kowa Baban Laburare yake ce masa. A zamaninsa rajista ba ta wata biyu take cika. Jiniyar masaƙa na yin kuka, 'yan aikin safe za su fito da auduga a gashin kai da gira, su yi layi a gaban tebur su sa hannu. Sunaye iri-iri, wannan a ƙarƙashin wancan, babu wanda ya damu da sunan da ke samansa.

Sai rikici ya zo, wanda ya raba garin nan gida biyu, ya mai da kogi iyaka. Ba zan ba da labarinsa ba, duk wanda ya zauna a Kaduna yana da nasa. Mutane suka yi ta kwasar kaya, waɗansu su haura gada, waɗansu su gangaro. A kwanakin nan sunanka kaɗai ya isa ya faɗi ko kai wane ne, adireshinka kuma ya nuna ƙofar gidanka. An yi ta raɗe-raɗin cewa da takarda ake bi gida-gida. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma kowa ya ji, kuma kowa ya tsorata da rubuta sunansa a inda ba dole. Malam yana cikin waɗanda suka sayar da gidansu na Makera a wulaƙance suka koma ƙetare.

Da ƙura ta lafa muka sake buɗewa, sai da aka yi makonni kafin mutane su fara leƙowa. Wata rana da hantsi sai ga Malam. Ya yi sallama, ya zo gaban tebur kamar yadda ya saba, ya ɗauki biro. Ina zaune ina kallonsa. Ya duba gurbin suna, ya duba gurbin adireshi, ya daɗe a tsaye. Daga nan ya ajiye biron a hankali ya juya zai fita.

Baban Laburare ya taso daga kujerarsa, ya ɗauke rajistar ya jefa a aljihun tebur ya rufe. Ya ce da ƙarfi, don ya san kunnen mutumin, "Malam, ina za ka? Ɗan gida ba ya sa hannu. Rajista ta baƙi ce. Je ka zauna, jaridarka na can."

Malam ya je ya zauna. Washegari Papa ya ji labari ya zo, suka rungume juna a tsakiyar ɗaki, sannan suka fara faɗan shafin tsakiya.

Tun daga ranar abin ya zama al'adarmu. Baƙo in ya zo karon farko ya rubuta in ya ga dama. In ya sake dawowa ya zama ɗan gida, da fuska muke saninsa. Baban Laburare ya yi ritaya ya koma garinsu, can Allah ya karɓi abinsa, ni na gaji kujerar da al'adar. Ina alfahari da ita. In sabuwar fuska ta miƙa hannu ga biro a zuwa na biyu, nakan dafe littafin in ce, "A'a, yanzu ke 'yar gida ce." Sai ka ga fuskar mutum ta saki. Ban taɓa haɗa wannan da fom ɗin ƙarshen wata ba, ko sau ɗaya, a duk shekarun nan. In wauta ce to na yi ta, kuma da hannuna na sa mata hatimi.

Bayan tafiyar Oga, abokin aikina ya ajiye allura da gam ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Madam, abin nan ba wahala. A sayo biro kala uku. Ni in rubuta da dama, ke ki rubuta da hagu. Sunaye ne fa, sun ƙare a duniya? Kafin Juma'a mun cika shafi goma."

Na balbale shi da faɗa har sai da Papa ya waiwayo. Amma ba zan yi ƙaryar tsarki ba. Da ya fita cin abinci, na jawo rajistar na rubuta sunan marigayiya mahaifiyata a layin farko. Na zo gurbin adireshi sai hannuna ya tsaya. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, ga shi na kawo ta laburare bayan mutuwarta don ta yi mini shaidar zur. Kunya ta kama ni, na ja layi biyu a kan sunan. Kuma wani abu ya ƙara tunzura ni: muna da mutane na gaske, masu jini a jika, da suke cika kujerun nan kullum. Don me za mu ƙirƙiro na bogi, kamar mu ne marasa gaskiya?

Ƙarfe huɗu ɗakin ya cika kamar kullum. Akwai 'yan mata masu karatun aikin jinya, da samari masu neman aiki da ke bin shafin talla layi-layi. Akwai tela daga Nasarawa da ke kwafar yankan riga daga wani tsohon littafi, da wata mai sayar da doya a kasuwar Sabon Tasha da ta ƙudura sai ta sake zana jarrabawar da ta faɗi tun kafin ta yi aure. Na buga tebur da tafin hannu, abin da ban taɓa yi ba. Na gaya musu yadda muka yi da Oga, ban rage komai ba, har da laifina na fom. Na ce daga yau duk wanda ya shigo sai ya sa hannu.

Matasan dariya suka yi. Su ba su san dalilin al'adar ba, wasunsu ana goye da su lokacin rikicin. Wata ta ce, "Haba Madam, wannan ne kawai? Kawo biro." Suka yi layi, har da masu ƙara lambar waya ba a tambaye su ba. Papa ya zo ya zana sa hannunsa mai kama da igiyar shanya, ya cinye layi biyu. Raina ya fara sanyi.

Malam ne bai tashi ba. Da layi ya ƙare na ɗauki rajistar da kaina na kai masa har kujera, na rusuna na miƙa masa biro. Ya dubi biron, ya dube ni.

"'Yata, yau kuma ni ne baƙo?" in ji shi.

Na ce, "Malam, ba haka ba ne. Takarda suke so."

"Wanda ya gabace ki ya ce mini ɗan gida ba ya sa hannu. Ko maganar ta bi shi kabari?"

Ya ninke jaridar yadda ya same ta, ya ɗauki hularsa daga kan tebur, ya yi wa Papa sallama ya fita. Washegari bai zo ba. Mako ya zagayo, kujera ta biyu babu kowa. Matasan ma ba sa zama a kanta, sai su tsallake ta su tsaya a jikin kantar littattafai.

Rajista tana ta cika, ni kuwa ko daɗinta ba na ji. Papa yana zuwa, ya sa hannu ba tare da ya dube ni ba, ya je ya zauna da jarida shi kaɗai. Yanzu shafin tsakiya nasa ne, amma ko buɗe shi ba ya yi. Ɗakin ya yi shiru irin wanda allonmu ya daɗe yana roƙo, kuma na tsani shirun.

A mako na biyu na kasa haƙuri, na je na zauna kusa da shi na ce, "Papa, ka yi mini magana. Suna ne kawai fa."

Ya ce, da raɗarsa da kowa ke ji, "Madam, ke ba ki sani ba. 'Ya'yansa ba su san yana zuwa nan ba. Sun hana shi tsallako gada tun wancan lokacin. Cewa yake yi zai je bin maganar fansho. Mota biyu yake hawa ya zo ya zauna da ni. Shi a wajensa, in an rubuta abu, to wata rana wani zai karanta." Sannan ya ƙara da cewa, "Gidan da ya gina da kuɗin saƙa yana bayan layin nan. Bai taɓa bi ta ƙofar ba tun da ya sayar. Nan kaɗai yake zuwa."

A bas ɗin komawa gida ranar nan da kowa na yi faɗa a zuciyata. Na yi da Oga da takalminsa. Na yi da Baban Laburare da ya tafi ya bar ni da alkawarin da ba ni na ɗauka ba. Na fi yi da kaina. An ce mini in ceci ɗaki, na tashi da rawar jiki na kori mutumin da ɗakin ya fi yi wa amfani. In haka ne ceton, to shagunan ma su zo.

A makarantar koyon aikin nan an koya mana ba wa littafi lamba da jera kati. Ba a koya mana karanta wa tsohuwa wasiƙar ofishin fansho ba, ko cika wa saurayi fom ɗin neman aiki, ko sanin wadda ta zo karatu da wadda ta zo don gida ya yi mata zafi tana son awa biyu babu mai kiran sunanta. Duk wannan muna yi, kuma babu gurbinsa a fom. Suna ta cewa zamani ya wuce mu, za a kawo kwamfuta. A kawo mana, ina maraba, ni ma na koyi latsa ta. Amma a ina za a ajiye ta in an rufe ƙofar? A garin nan ka nuna mini wani ɗaki da mutum zai shiga ya zauna ba a tambaye shi abin da zai saya ba, ba a tambaye shi inda yake ibada ba. Na duba daga Sabon Tasha har bakin gada, ban ga na biyu ba.

Da safe na yanke shawara, ban nemi izinin kowa ba. Rajista za ta zauna a kan tebur a buɗe. Mai so ya rubuta. Wanda ba ya so, ni zan ja masa layi da hannuna, in rubuta lokacin da ya shigo, a gurbin suna kuma in sa "ɗan gida". Ba ƙarya a ciki, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Abokin aikina ya riƙe baki ya ce, "Madam, takardar tuhuma kike nema." Na ce ta zo, akwai wuri a fayil ɗina.

Na sa Papa ya kira Malam a waya ya gaya masa. Ana jin muryoyinsu duka biyun har waje, kowa na ce wa ɗan'uwansa ya ɗaga murya. Bayan kwana uku sai ga Malam. Ya yi sallama a taƙaice, bai dubi tebur ba, ya wuce kujerarsa. Na ja layi na rubuta "ɗan gida, tara da rabi". Kafin goma ta yi an fara faɗan shafin tsakiya, sai da na shiga bayan kanta na share ido da bakin gyale. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Wasu dattawa uku da wata mata da suke ta sa hannu a takure suka daina, su ma na riƙa ja musu layi.

Da wata uku suka cika Oga ya dawo. Wannan karon da yamma ya zo, ban sani ba ko maganata ce ta tsaya masa. Sai da ya bi ta gefe kafin ya iso teburina, don har a ƙasa akwai masu zama. Ya buɗe rajista yana gyaɗa kai, shafi bayan shafi. Can sai ya tsaya.

"Madam, mene ne wannan? Ɗan gida, ɗan gida, ɗan gida. Duk rubutunki ne."

Na ce, "Nawa ne, Oga. Mutane ne da suka shigo, ba sa son rubuta suna."

"Wannan ai shi ne cika rajista da hannu. In na kai haka cewa za a yi duk littafin ƙirƙira ne, har da na gaskiyar. Kin san abin da kika jawo wa kanki?"

Na miƙe tsaye. Na ce, "Da ƙirƙira nake so, da na ba su sunaye masu daɗi. Mutanen nan suna da dalilinsu, kuma ya girmi aikinka da nawa. Ba zan tsaya a ƙofar laburare in ce wa dattijo sai ya faɗi sunansa da unguwarsu kafin ya karanta jarida ba. Ka rubuta cewa na ƙi. Ka rubuta sunana cikakke, ni ba na tsoro."

Muryata ta hau fiye da yadda na so. Duk ɗakin ya ɗago kai. Ta hau har ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, wato kunnen Malam. Na ga ya karkata ya tambayi Papa, Papa ya yi masa bayani da raɗar nan tasu, kowa ya sake jin labarin daga farko.

Malam ya dafa tebur ya tashi. Matasan da ke ƙasa suka janye ƙafafu suka ba shi hanya. Ya zo gaban teburina ya miƙa hannu.

Na ce, "Malam, ba dole. Koma ka zauna."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Ba ni biron."

Ya gyara tabarau, ya sunkuya. Ya rubuta sunansa cikakke, da na mahaifinsa, da manyan baƙaƙe irin na mutanen da suka koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci na masaƙa. Da ya zo gurbin adireshi ya ɗan dakata, kamar wancan karon shekarun baya. Sai ya ci gaba da rubutu, ya sa hannu, ya juya littafin ya tura wa Oga.

Oga ya karanta a fili, "Kujera ta biyu, gefen taga." Ya ɗago kai. "Baba, wannan ai ba adireshi ba ne."

Malam ya sa hannu a bayan kunne, Oga ya maimaita da ƙarfi.

Malam ya ce, "Yallaɓai, a wannan gefen kogin ita kaɗai ta rage mini."

Babu wanda ya yi motsi. Oga ya dubi kujerar, ya dubi layin. Daga nan ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton shafin, ya koma baya ya ɗauki sauran, har da masu "ɗan gida". Bai yi mini sallama ba, amma da zai fita ya ɗan rusuna wa Malam.

Takarda biyu suka zo daga hedikwata a ambulan ɗaya. Ta farko ta tuhuma ce, a kan rubuta abin da ba suna ba a littafin gwamnati. Na amsa ta a layi uku, tana cikin fayil ɗina. Ta biyu ta ce an dakatar da maganar rufewa, za a sake dubawa baɗi. Dakatarwa suka ce, ba su ce an fasa ba, kuma na san masu son shaguna ba su yi barci ba. Rufin yana nan yana ɗiga a bokiti.

Malam yanzu kullum sai ya sa hannu, ko na hana shi, kuma adireshin bai taɓa canzawa ba. Saura shekara uku in yi ritaya. Na riga na gaya wa abokin aikina, kuma zan gaya wa duk wanda za a turo: ranar da suka zo da mota kwasar kaya, su fara da kantoci in sun ga dama. Kujera ta biyu gidan mutum ce, yana rubuce a littafinsu, kuma ni zan tsaya a gabanta.